Na'urar da ke ganin cikin jiki

A manyan asibitoci akwai wata na'ura mai ɗaukar hoton cikin jikin mutum ba tare da an tsaga shi ba. Da Faransanci ana ce mata IRM, da Ingilishi kuma MRI. A shekarar 1977 aka fara ɗaukar hoton mutum da ita. Tana nuna ƙwaƙwalwa, da laka, da gaɓoɓi.

Na'urar tana kama da babbar ganga mai rami a tsakiya. A cikinta akwai mayen ƙarfe mai ƙarfin gaske. Fiye da rabin jikin mutum ruwa ne. Mayen ƙarfen da igiyoyin rediyo suna sa ruwan nan ya aika da sigina, kwamfuta kuma ta mai da siginar hoto.

Marar lafiya yana kwanciya bisa wani siririn gado, a tura shi cikin ramin. Ba ya jin ciwo, sai dai ƙara mai yawa. Don haka ake toshe masa kunnuwa. Aikin yakan ɗauki minti 15 zuwa awa 1. In ya motsa, hoton ba zai fita sosai ba.

Haɗarin yana wajen ƙarfe. Mayen ƙarfen ba ya hutawa, dare da rana. Yana iya fizge makulli ko almakashi daga hannun mutum. Shi ya sa ake cire zobe, da awarwaro, da ƴan kunne, da agogo tun a waje. Wani ƙarfen kuwa a cikin jiki yake. Maƙerin da ɓarɓashin ƙarfe ya taɓa faɗa masa a ido, in ya ɓoye, ƙarfen na iya motsawa ya makantar da shi. Mai na'urar taimakon zuciya a ƙirji shi ma dole ya faɗa.

Ma'aikacin da ke tafiyar da na'urar shi ke yin waɗannan tambayoyi. Ya koyi sassan jiki, da kimiyya, da kula da marar lafiya. A Faransa karatun shekara 3 ne bayan bakaloriya. Likita ne ke karanta hoton.

Tambayoyi
1. Me ke cikin na'urar?
2. Don me ake toshe kunnuwa?
3. Me maƙeri zai gaya wa ma'aikaci?
4. Ku lissafa abubuwa 5 na ƙarfe da mutane ke ɗauke da su.