Idan Kwamfuta Ta Ƙi Tashi, Me Za Mu Duba?

A cikin Windows da Linux akwai wani ɓangare da ake kira kenel. Shi ke raba wa sauran manhajoji wurin aiki a cikin ram, shi ke magana da allo, madannai da ma'ajiyar bayanai. Idan Word ta daskare, rufe ta muke yi mu sake buɗewa. Amma idan kenel ya gamu da kuskuren da ya fi ƙarfinsa, da gangan yake tsayawa cak, don kada ya lalata abin da aka ajiye. A Windows allo yakan koma shuɗi ko baƙi, a Linux kuwa rubutu ne ke cika shi.

Ranar 19 ga Yuli, 2024, kamfanin CrowdStrike na Amurka ya tura sabon fayil ga manhajarsa ta tsaro, wadda ke aiki a cikin kenel. Fayil ɗin na da kuskure. Microsoft ta ce kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 abin ya shafa, har aka soke tashin jirage da yawa. Maganin fa? A shiga Safe Mode a goge wannan fayil ɗaya tak.

Saboda haka tambayarmu ta farko ita ce: me aka canza kafin ta ƙi tashi? Mu kwafe saƙon da ke allon a littafi, harafi da harafi, domin yakan faɗi sunan fayil mai laifin. Sai mu kashe ta, mu cire filas da firinta, mu sake kunnawa. In ba ta tashi ba, mu gwada Safe Mode, inda Windows ke tashi da abubuwan dole kaɗai. In ta tashi a nan, to mai yiwuwa wani sabon abu da aka saka ne, sai a cire shi. Masu Linux suna iya zaɓar tsohon kenel a jerin GRUB.

Wani lokacin ram ce ta yi sako-sako, ko ƙurar hunturu ta shiga. Buɗe kwamfuta aikin Malam ne, bayan an zare wayar wuta.

Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne gaggawar cewa "a yi mata fomat kawai". Fomat na share komai, har da makin jarrabawa in a ciki Malam ya ajiye. In ya zama dole, a fara tayar da ita da filas mai ɗauke da Linux, a kwashe fayilolin tukuna.