Girman faifai ba shi ke kawo gwal ba

Na daɗe ina gyaran injin neman ƙarfe, wanda 'yan haƙa ke kira injin gwal, kuma ƙorafin da na fi ji a Godogodo bai wuce wannan ba: "Malam, injina ya haukace, sai kuka yake ta yi." Sau da yawa injin lafiyarsa ƙalau, faifan da aka ɗaura masa ne bai dace da ƙasarmu ba.

Kwanan baya wani matashi ya kawo min nasa da faifai mai inci 18, irin wanda ya ga ana aiki da shi a Jado ta Nijar, inda aka yi rububin gwal tun 2014. Na ɗauko ɗan gwal kamar ƙwayar shinkafa da nake ajiyewa a kwalbar magani, na binne shi zurfin gaɓar yatsa a jar ƙasar bayan shago. Sau uku babban faifan yana bi ta kansa, ba ka jin komai sai gurnani. Na kwance shi na ɗaura mai inci 5. Shara ɗaya, ƙara ta fito tsaf. Yaro ya riƙe haɓa.

Ba tsafi ba ne. Babban faifai ƙasa mai yawa yake karantawa a lokaci guda. Ƙasarmu ta Jama'a kuwa marmara ce birjik, ita marmara kuma akwai sinadarin ƙarfe a jikinta, sai hayaniyarta ta danne muryar ɗan gwal. Ƙaramin faifai ba ya nitso sosai, amma abin da ya ji, ya ji shi. Ga shi yana kutsawa tsakanin duwatsu da kututture. Babban kuwa dole ka ɗaga shi saboda ciyawa, kuma duk incin da ka ɗaga ka rage shi daga zurfin da ka biya kuɗi dominsa. Ga nauyi, kafin azahar kafaɗa ta sage.

Kowane allazi da nasa amanu. Babban faifai na shimfiɗaɗɗen fili ne da dunƙulen gwal mai zurfi. A nan, fara da mai inci 10 ko 11, samfurin DD, don ya fi samfurin mono haƙuri da marmara. Inda ka ji alama, koma da ƙarami ka tsefe wurin.

Sai abin da dillalai ba sa son a faɗa: safayar da ake tona a wajen Nisama dutse ce, babu faifan da zai ji ta. Kuza ma ba ta amsa wa inji kamar gwal, wanki ne ke fitar da ita.

Ɗan'uwa, ranar da za ka sayo faifai, ɗebi ƙasar wurin aikinka a buhu, ka riƙe ɗan gwal na gwaji. Wanda ya hana ka gwadawa, bar masa kayansa.