Daga Fata Zuwa Jiki: Darasi Kan Zane da Kwamfuta

Ga iri biyu daga cikin siffofin da injiniyoyi ke zanawa da kwamfuta. Akwai fata zalla, marar kauri, marar nauyi, tamkar saɓar maciji. Akwai kuma cikakken jiki, wanda kwamfuta ta san cikinsa da wajensa.

A ƙaddara magini a Kurfi yana son sanin yawan kankaren da ginshiƙi zai ci. Idan fata aka zana, manhaja irin AutoCAD ba za ta ba da amsa ba, sai an ɗinke fuskokin gefe da gefe, har ba sauran kafar da ruwa zai yoyo. Sannan ne ake umurtarta ta mai da fatar jiki, ta lissafa yawan kankaren. In ba haka ba, sai kirdado, siminti ya gaza ko a yi asara.

A 1750 Leonhard Euler ya gano wata ƙa'ida: a rufaffiyar siffa irin akwati, in aka debe gefuna daga kusurwoyi, aka ƙara fuskoki, 2 ake samu. Wato 8 − 12 + 6 = 2. Da an cire murfi, sai amsa ta koma 1, alamar akwai kafa.

Malaman sakandare a Dutsin-Ma da Kurfi na iya gwada wannan a aji da kwalin sukari.