DARASIN UWARGIDA: GYARAN GASHIN DA YA LALACE DA ƊAN ABIN DA KE HANNU

Darasin wannan fitowa ya samo asali ne daga ajin matan aure da nake koyarwa a Islamiyyarmu nan Dayi. Muna cikin babin wanka, da aka tashi sai wata ɗaliba ta tsaya, ta ɗan zame hijabi ta nuna mini kanta. Gashin gaban goshi ya cinye har wajen kunne, sauran kuma ya yi buzu-buzu, ya bushe kamar tsintsiya. Ta ce, "Malama, mai kala uku na saya, kuɗin cefanen sati guda ke nan, amma shiru. Yanzu ƙawata cewa take in yi ƙarin gashi in huta, tun maigida bai fara magana ba."

Na san ba ita kaɗai ba ce. To 'yar uwa, ƙarin gashi dai ba mafita ba ne, domin ya inganta a Buhari da Muslim cewa Annabi (SAW) ya la'anci mai ƙarawa da wadda ake ƙara wa. Sannan Abu Dawuda ya ruwaito daga Abu Huraira umarnin cewa mai gashi ya mutunta shi. Ashe ke nan gyaran namu na asali shi ne abin nema.

GASHINKI NA FITOWA, KARYEWA YAKE YI

Wannan ita ce maganar da nake so ki riƙe. Gashi yana tsiro wajen santimita 1 a wata, kusan 12 ke nan a shekara. In kin ga shekara ta zagayo tsawonsa bai ƙaru ba, to bakinsa ne ke karyewa daidai yadda tushe ke tsirowa. Don haka aikin da ke gabanki shi ne tsare wanda ya riga ya fito.

Kowane silin gashi yana da ɓawo a jikinsa, jere kamar na kifi. In ɓawon ya kwanta, gashi zai riƙe laima, ya yi santsi. In ya ɗaɗɗaga, ruwan ciki ya fice, sili ya riƙa sarƙe sili, shi ne cukurkuɗewar da kike gani. Irin gashinmu kuma a murɗe yake, maiƙon da fatar kai ke fitarwa ba ya iya gangarowa har baki. Ga shi a nan yankin Funtuwa da Malumfashi hunturu yakan kama daga Nuwamba zuwa Fabrairu, daidai lokacin sussuka da sheƙa da cirar auduga. Iska ta busar, ƙura da ƙaiƙayi su ƙarasa.

ABUBUWA HUƊU DA KE KARYA SHI

1. Wanke kai da sabulun wanki ko ruwan kanwa. An yi su ne don cire maiƙo daga tufa da tukunya, haka za su kwashe na kanki tas.

2. Rilaksa. Da yawansu da soda ake haɗa su, irin wadda ake yin sabulu da ita, shi ya sa take ƙona fata. Wani bincike da cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ta fitar a 2022, kan mata sama da 33,000, ya nuna masu shafa irin waɗannan mayuka fiye da sau 4 a shekara sun ninka sauran haɗarin kamuwa da kansar mahaifa. In za ki iya bari, ki bari. In ba za ki iya ba, ki bar aƙalla sati 8 tsakani, kuma sabon tohon kawai za a shafa wa.

3. Kitso mai tsauri. In an gama miki kitso kin kasa yin sujada don zafi, ko kin ga ƙananan ƙuraje a bakin goshi, to ana tumɓuke gashin ne daga tushe. Da wuri in an sassauta yakan dawo. In aka ɗauki shekaru ana ja, tushen ya mutu, babu man da zai tashe shi. Kada kunyar makitsiya ta jawo miki sanƙo. Ki ce, "Don Allah a sassauta hannu, a bar mini na gaban."

4. Taje gashi a bushe da ƙaramin mataji. Ƙarar nan da kike ji ƙas-ƙas, gashinki ne ke tsinkewa.

YADDA ZA KI YI

Wanki: sau ɗaya a sati ko kwana 10 ya isa. Ki samu busasshen karkashi, wanda dai muke miya da shi, cokali 3. Ki jiƙa a ruwan ɗumi kofi 2 ban da kanwa, ki bar shi minti 15 ya saki yauƙi, sannan ki tace. Ki fara wanke fatar kai da ɗan sabulun salo da kika narkar a ruwa, ko dakakken ganyen magarya, ki ɗauraye. Sai ki zuba ruwan karkashin, ki raba gashin gida huɗu, ki warware da yatsu tun daga baki ki yi sama, kafin ki sa mataji mai manyan haƙora. Yauƙin nan shi ne aikin da kwandishana mai tsada ke yi. Matan Chadi da wannan ganye suke wanke kai, suna ce masa ambunu.

Mai: ki narkar da man kaɗe cokali 2 ta hanyar sa kwanonsa cikin ruwan zafi, ba bisa wuta ba. Ki zuba man kwakwa ko man riɗi cokali 1, ki juya, ki adana a roba mai murfi. Zai kai ki wata guda. Ga inda da yawa ke kuskure: mai ba ya jiƙa gashi, tsare laimar da ke ciki kawai yake yi. Ruwa ne farko, mai daga baya. Duk bayan kwana 2 ko 3 ki shafa ruwa a kitson da tafin hannu, ki bi da ɗan mai, ki fi ba bakin gashi ƙarfi.

Datsa: bakin da ya tsage ba ya haɗewa, ko me aka rubuta a jikin kwalba. Ki sa almakashi mai kaifi ki rage shi, in ba haka ba tsagewar sama za ta yi ta hawa.

Kitso da kwanciya: ki yi manya, sassauƙa, ki tsefe bayan sati 2 zuwa 3. Ɗankwalin auduga yana shanye mai, don haka ki samu ƙyallen siliki ko satin a ragowar tela ki riƙa ɗaurawa da dare da kuma ƙarƙashin hijabi. Ranar sheƙa ki rufe kan ruf.

Lalle: namu na gargajiya yana ƙara wa gashi ƙwari, amma yana busarwa, sau ɗaya a wata biyu ya wadatar, ki bi shi da mai. Ki guji baƙin rini, yawanci akwai sinadarin PPD a ciki mai sa fata kumburi da ƙaiƙayi.

Abinci: gashi daga cikin jiki ake gina shi. Wake, awara, ƙwai, zogale da hanta in ta samu, duk suna taimakawa, don ƙarancin jini na zubar da gashi.

TO WANKAN FARILLA FA?

Wasu tsefewa suke yi duk lokacin da wanka ya kama su, wannan ma na karya gashi. Muslim ya ruwaito cewa Ummu Salama (RA) ta tambayi Annabi (SAW) ko sai ta kwance kitsonta don wankan janaba, ya ce a'a, kamfata uku na ruwa a kai sun isar mata. Haka ma Risala ta Ibn Abi Zaid ta koyar da mu: ki cuɗa kitson ruwa ya ratsa, ba dole ki kwance ba. Ga wani dalilin sassauta kitso da rage lafta mai, don ruwa ya samu isa fata. Bayan wanka ki tsane da ƙyalle mai laushi, ki bari ya sha iska kafin ɗankwali. Rufe jiƙaƙƙen kai ke kawo wari da ƙaiƙayi.

YAUSHE ZA KI JE ASIBITI?

Zubar sili 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne. Haka zubar da ke zuwa wata 2 zuwa 4 bayan haihuwa, tana tsayawa da kanta kafin yaro ya shekara. Amma in kin ga wuri ya cinye a zagaye, ko ƙuraje masu ruwa, ko zubar ta haɗu da jiri da kasala, ki je asibitin da ke kusa ko babban asibitin Malumfashi a duba ki, a auna jininki. Kuma kada a yi tarayyar mataji da yaron da ke da makero.

Ɗalibar nan tawa ta bi wannan tsari, ba ta ƙara sayen komai ba sai karkashi da man kaɗe. Bayan wata uku ƙananan gashi suka fara tohowa a goshinta. Bai cika ba tukuna, amma ta daina zancen ƙari. Ke ma ki ba shi wata uku kafin ki yanke hukunci, mai haƙuri shi kan dafa dutse. Allah Ya ƙara mana lafiya da zaman lafiya a gidajenmu, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.

Daga 'yar uwarku, malamar Islamiyya a Dayi, Ƙaramar Hukumar Malumfashi, Jihar Katsina.