Ungulu da Lafiyar Al'umma

Ko da yake Bahaushe na yi wa ungulu kallon ƙazama, cikinta makabartar ƙwayoyin cuta ce, domin ruwan da ke narkar mata da abinci yana da tsamin da ke halaka yawancinsu. Indiya ta ga amfanin wannan aiki bayan ta rasa shi. Daga shekarun 1990 ungulayenta suka dinga mutuwa, har fiye da kashi 95 cikin ɗari na wasu jinsunan suka ƙare. Sai a 2004 aka gano sanadin, wato dikilofenak, maganin da ake yi wa shanu, wanda ke lalata ƙodar ungulun da ta ci mushensu. Mushe ya koma hannun karnuka marasa iyayen giji, suka yawaita, haɗarin cutar haukan kare ya ƙaru. A 2006 hukuma ta haramta ba dabbobi maganin.