Lambobi Masu Rabuwa da Gagara-Rabo

Sau da yawa akan aiko wa hakimi kaya, kamar buhunan taki ko na iri, a ce ya raba wa dagatansa daidai wa daida. Kafin a ɗaga ko da buhu ɗaya, wajibi ne malamin hakimi ya san ko adadin zai rabu ba saura, gama buhun da ya yi saura shi ke jawo gunaguni.

Lambar da ta shiga cikin wata daidai, ba ta bar kome ba, ita ake kira mai raba ta. Masu raba 12 su ne 1, 2, 3, 4, 6 da 12. Wannan ya sa sule, wanda kwabo 12 ne kafin a koma naira a 1973, ya yi daɗin kasawa tsakanin mutum uku ko huɗu. Amma 13 ba ta da mai raba ta sai 1 da ita kanta. Lamba mai masu rabawa biyu tak, irin 13, ita ce gagara-rabo. Wadda nata suka wuce biyu, irin 12, ita ce mai rabuwa. Lamba 1 ba ta cikin ko wane kashi, don mai raba ta ɗaya ne kurum. Kada kuma a zaci kowace mara gagara-rabo ce: 9 mara ce, ga shi 3 ta raba ta. Cikin lambobin cika kuwa, 2 kaɗai ce gagara-rabo.

Ga yadda ake gwadawa. A fara duban alƙalamin ƙarshe. In 0, 2, 4, 6 ko 8 ne, 2 za ta raba lambar. In 0 ko 5 ne, 5 za ta raba ta. Sa'an nan a tara alƙalumanta: in 3 ta raba jimlar, to, ta raba lambar. Misali 87, 8 da 7 sun ba da 15, saboda haka 87 ita ce 3 sau 29.

Inda malamai suka fi tuntuɓe shi ne 91. Ta tsallake 2 da 3 da 5, mai gaggawa sai ya ce ta gagara. Alhali kuwa 7 sau 13 ne: dagatai bakwai, kowa buhu 13.

To, yaushe za a daina gwaji? Masu rabawa biyu-biyu suke tafiya, ƙarami da babba, kamar 7 da 13 ɗin nan. In ba a sami ƙaramin ba, babu babban. Saboda haka a riƙa gwada gagara-rabo bi da bi, 2, 3, 5, 7, 11, a tsaya da zarar wadda aka zo kanta, in an ninka ta sau kanta, ta wuce lambar. A ɗauki 97. Ba 2 ko 3 ko 5 ko 7 da ta raba ta, 11 sau 11 kuwa 121 ne, ya zarce. Ashe 97 gagara-rabo ce, ita ce ma ta ƙarshe cikin 25 da ke ƙasa da 100.

In buhu 97 ne aka kawo ga dagatai takwas, kowa zai sami 12, ɗaya ya ragu. Malami ya shaida wa hakimi haka tun kaya na cikin sito, a shawarta inda gudan zai tafi, a rubuta a littafi.