SUNAN KHADIJA, WATO HADIZA: SHIN DA GASKE MA'ANARSA "BAKWAINI"?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan uwa, tambayar nan ta maimaitu a akwatin saƙona, kuma na ji ta baki da baki a nan Dutsi. Mutum zai raɗa wa 'yarsa Khadija, sai wani ya duba waya ya ce masa ai ma'anar sunan "bakwaini". Hankalin uwa ya tashi, har a fara shawarar canja suna bayan an yanka rago.

Amsa a taƙaice: eh, a lugga haka yake. Amma ba a canja shi, kuma babu ko ɗigon karhanci a cikinsa.

Sunan ya fito daga haruffa uku na Larabci: kha, dal, jim. Balarabe yana cewa "khadajat" idan taguwa ta haifi ɗanta kafin watanninsa su cika, ko da halittarsa ta kammala. Abin da aka haifa shi ne "khadij". Haka Ibnu Manzur ya yi bayani a Lisanul Arab. Har yau a asibitocin ƙasashen Larabawa, ɗakin da ake sa jarirai a kwalba sunansa sashen "khuddaj". Ɗalibai kuma za su tuna hadisin Abu Huraira a Sahihu Muslim, inda aka siffanta sallar da ba a karanta Fatiha a cikinta ba da "khidaj", wato tauyayya. Tushe ɗaya ne. Su kuma shafukan da ke rubuta cewa Khadija na nufin "amintacciya" ko "mai daraja", halin mai sunan suka ɗauko suka mai da shi fassara. Niyyarsu mai kyau ce, amma ba haka ake ilimi ba.

Wannan bai kamata ya ba Bahaushe mamaki ba, domin mu ma haka muke. Wadda aka haifa a watan azumi Azumi ce, ta ranar Talata Talatu, mace bayan maza Kande ko Delu, mai bin tagwaye Gambo. Larabawa ma suna sa suna da yanayin haihuwa, daga baya sunan ya bi gari, a sa wa wadda ta cika wata tara cif. Akwai ma na maza: sahabi Rafi'u ɗan Khadij, sunan mahaifinsa ke nan.

Ga inda hujja take. Manzon Allah (SAW) ba ya barin mummunan suna. Ya mai da Asiya mai harafin ainun da sadun, wato mai saɓo, ta koma Jamila. (Kada a haɗa ta da Asiya matar Fir'auna, wannan rubutunsa daban, kuma suna ne mai kyau.) Ya canja Barra ya koma Zainab, ya canja wata Barra ta koma Juwairiyya, saboda akwai yabon kai a ciki. To mutumin da yake lura da sunaye har haka ya zauna da Nana Khadija kusan shekara 25, goma daga ciki bayan an aiko shi, bai taɓa sunanta ba. Bayan rasuwarta ma da shi yake ambatonta, har Nana A'isha (RA) ta ce ba ta yi kishi da wata mace ba kamar yadda ta yi da ita, alhali ba su zauna tare ba. Wa ya fi shi sanin Larabci? Wa ya fi shi kishin iyalinsa?

Ita ce Khadija 'yar Khuwailid ɗan Asad, nasabarta ta haɗu da ta Annabi (SAW) a kan Ƙusayyu. Tun a jahiliyya ana ce mata Aɗ-Ɗahira, mai tsarki. 'Yar kasuwa ce da ke tura dukiyarta Sham. Ita ta fara yin imani. Ranar da ya sauko daga kogon Hira jikinsa na rawa, ita ta lulluɓe shi, ta lissafo masa kyawawan halayensa, ta kai shi wurin ɗan baffanta Waraƙa ɗan Naufal. Duk 'ya'yansa ita ta haifa in ban da Ibrahim. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Jibrilu ya kawo mata gaisuwa daga Ubangijinta, tare da bushara da gida a Aljanna wanda babu hayaniya babu wahala a cikinsa. Ta rasu a Makka shekara uku kafin hijira, aka binne ta a Hajun. Wanda ya sa wa 'yarsa Khadija, wannan matar yake nufi. Ba wanda ke tunanin taguwa ranar suna.

Shi ya sa sunan ya zagaya duniya, kowane harshe ya lanƙwasa shi yadda zai iya. Turkawa na cewa Hatice, a Senegal Khady, a Mali da Gini Kadiatou, Yarbawa Kadijat. Mu da ba mu da harafin kha muka ce Hadiza ko Hadizatu, muka gajarta zuwa Dije da Dija. Kubura kuwa daga Khadijatul Kubra ne, wato babba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma ya sa wa 'yarsa sunan, yayar Nana Asma'u, malama ce, ita ce mahaifiyar malamin nan Abdulƙadir ɗan Tafa. Duk wannan lanƙwasawa ba laifi ba ce, kada wani ɗalibin da ya fara nahawu jiya ya takura wa kakarsa sai ta furta kha daga maƙogwaro.

Kuma masu sunan sun fi yadda muke zato yawa. A ƙasar Daura da yawan yaran da kuke ji ana kira Ummi, Mama ko Hajiya, Khadija ne sunansu na yanka. An mayar da sunan kaka, sai alkunya ta hana a faɗa. Yanzu kuma an koma ɓoye shi da Iman, Hanan, Afnan. Ban ce haramun ba ne. Abin da ke damuna shi ne yarinya ta kai aji shida ba ta san takwararta ba, ko a ji uwa tana cewa Dije sunan ƙauye ne. Duk sanda na ji haka, wallahi sai jikina ya yi sanyi.

Sai shawara ɗaya ga iyaye: ku tsayar da rubutu guda tun daga takardar haihuwa. Khadija a firamare, Hadiza a NIN, Khadijat a JAMB, wannan ya sha tsayar da yara a bakin jami'a, ya sa iyaye zaryar kotu neman takardar rantsuwa. A gida ku kira ta Dije in kuna so, amma a takarda ku zaɓi ɗaya ku riƙe.

Wanda kuma Allah Ya ba shi bakwaini da gaske, mace, ya ga dama ya sa mata Khadija, ya halatta. Sunan ya dace da ita ta fuska biyu. Allah Ya raya mana su bisa Sunna.

Wallahu a'alam.